Irin gwandar daji da ya zama dutse

Ɗan'uwa mai karatu, ƴar'uwa mai karatu, in ka ga ƙwarar aduwa a ƙasa ka san ta. Ka san ƙodagon goruba. Ka san ƙwarar magarya da ta kanya. Ko babu itacen a kusa, ko ba ka ga ganye ɗaya ba, da ka ɗauki ƙwarar sai ka ce: "Wannan ta aduwa ce." Ba a aji aka koya maka wannan ba. Ido ne da sabo.

To, akwai masanan da aikinsu ke nan, sai dai su ƙwarar da suke dubawa ta daɗe da zama dutse. Itacen da ya haife ta babu irinsa a duniya yau. Babu ɗan Adam da ya taɓa zama a inuwarsa, don ya ƙare tun kafin a yi mutane a bayan ƙasa. Ƴaƴansa kaɗai suka rage, su ne shaidarsa. A wannan darasi za mu ga yadda ɗan itace yake zama dutse, da yadda ake gane danginsa, da abin da yake gaya mana game da ƙasarmu. Ɗaya daga cikin shaidun nan a ƙasar Hausa aka same shi, kuma ɗan gidan su gwandar daji ne.

Tsirrai masu fure

Da farko mu san waɗanne tsirrai muke magana a kansu. Yawancin tsirran da muke zaune da su suna yin fure. Furen ya bushe ya bar ɗa, a cikin ɗan kuma akwai iri. Kuka tana fure, gawo yana fure, wake da gujiya da kuɓewa duk suna fure. Hatsi ma yana fure: bununin nan da kake gani a kan zangarniya, furensa ne ya fito da shi. Masana sun ƙidaya tsirrai masu fure wajen iri 300,000. Tuwonmu da miyarmu da audugar rigarmu duk daga gare su suke.

Amma ba tun farkon duniya suke nan ba. Alamarsu ta farko da aka tabbatar a cikin duwatsu ba ta wuce shekara miliyan 130 zuwa 140 ba. Kafin nan akwai dazuzzuka, akwai manyan itatuwa, amma ba su fure kuma ba su yin ƴaƴa irin waɗanda muke ci. A jihar Agadas, wajen Ingal da Marandat, ana ganin kututtura kwance a ƙasa sun zama dutse. Galibinsu na waɗancan itatuwa ne marasa fure. A Gadafawa kuma, cikin Tenere, an tono ƙasusuwan manyan dabbobin nan da ake ce wa dinozor, waɗanda suka rayu wajen shekara miliyan 110 da suka wuce. Wanda ya je gidan kayan tarihi na Bubu Hama a Yamai ya ga irinsu. A zamanin dabbobin nan, tsirrai masu fure sababbin shigowa ne, ba su cika duniya ba tukuna.

Yaya ɗan itace yake zama dutse?

Duk abin da wata halitta ta dā ta bari a cikin dutse, ƙashi ne ko ganye ko iri, a lekol ana ce masa fosil. Ba kowane ɗan itace ke zama fosil ba. Wanda ya faɗi a tudu, akuya ta cinye shi, ko gara ta ci, ko ya ruɓe. Cikin dubu dubai, da ƙyar ɗaya yake tsira.

Wanda zai tsira, ga hanyarsa. Ya faɗa cikin gulbi, ruwa ya ɗauke shi har bakin teku ko tabki. Ya nutse, laka ta rufe shi da wuri. A ƙarƙashin laka iska ba ta shiga, saboda haka ruɓa ba ta samun hanya sosai. Shekara ta bi shekara, laka tana taruwa a kan laka, nauyi yana danne ta har ta zama dutse.

Ana nan kuma ruwan ƙarƙashin ƙasa yana ratsa wurin. Ruwan nan ba tsurarsa yake ba, yana ɗauke da narkakken ma'adini. Ka duba cikin butar da aka daɗe ana dafa ruwan rijiya da ita, za ka ga wani farin abu ya daskare a jikinta. Irin wannan ne yake shiga ƙananan ƙofofin ƙwarar, ya cika su kaɗan kaɗan, har ƙwarar ta zama dutse ba tare da kamanninta sun sake ba.

Wani lokaci kuma ƙwarar takan narke gaba ɗaya, ta bar gurbinta a cikin laka, sai ma'adini ya cika gurbin. Ka ga masu zubin tukunyar ƙarfe a kasuwa? Suna danna tsohuwar tukunya cikin ƙasa mai laima, su cire ta, su zuba narkakken ƙarfe a gurbin, sai sabuwar tukunya ta fito da kamannin tsohuwar. Haka abin yake, sai dai wannan zubin ba na yini ɗaya ba ne.

Ka ga ke nan abu mai tauri shi ya fi tsira. Fure laushi gare shi, naman ɗan itace ma haka. Ƙwara da iri kuwa an yi su don su jure. Shi ya sa itatuwan dā da yawa da ƙwararsu kaɗai aka san su.

Teku a ƙasarmu

Kila ka ce: "To, mu tafi duwatsun Birni mu nema mana." A'a, can ba za a samu ba. Manyan duwatsun nan da garin Damagaram yake zaune a kansu, asalinsu narkakken dutse ne mai zafi da ya huce a cikin ƙasa. Babu halittar da za ta shiga irin wannan wuta ta bar alama. Fosil sai a dutsen da asalinsa laka ce ko rairayi, wanda za ka gan shi hawa hawa kamar an jera tabarmi.

Irin wannan dutse akwai shi a arewa da mu. A Damargu, wajen Tanut, kimanin kilomita 150 daga Damagaram, masana sun tattara kwasfar halittun teku a jikin tuddai, wasu a naɗe kamar ƙahon rago. Shekarunsu sun haura miliyan 90. Me ya kawo halittar teku Tanut? Teku ce ta zo da kanta. Tsakanin shekara miliyan 100 da miliyan 50 da suka wuce, wani hannun teku ya riƙa shigowa daga arewa yana ratsa inda hamada take yau. Ya zo, ya janye, ya sake dawowa. Ya rufe Adar da ƙasar Sakkwato har da wani yanki na Mali.

Shaidun suna da yawa. Farin dutsen da ake ƙonawa a yi siminti a Malbaza, da wanda ake haƙa a Kalambaina kusa da Sakkwato, a gindin tekun nan ya taru, da ragowar kwasfar halittunta. A ƙasar Goronyo an sami ƙasusuwan wata babbar dabbar teku mai kama da guza, har a 1972 aka raɗa mata suna da sunan garin. Inda akwai teku kuwa akwai gaɓa, akwai gulabe masu zuba a ciki, akwai itatuwa a bakinsu. A nan labarinmu yake.

Irin da aka samu a Gilbadi

Gilbadi gari ne a ƙasar Gada, cikin jihar Sakkwato ta Najeriya, ba nisa da iyakar Nijar. A duwatsun wurin aka sami waɗansu ƙananan iri da suka zama dutse. A 1955, lokacin Najeriya tana hannun Ingila, wata masaniyar tsirrai mai suna Chesters ta yi bayaninsu a rubuce. Ta ba su suna Anonaspermum gilbediensis. Kada tsawon sunan ya ba ka tsoro. Kalma ta farko tana nufin "irin annona", annona kuwa shi ne sunan da masana ke kiran gwandar daji da ƴan'uwanta. Kalma ta biyu tana nufin "na Gilbadi". Ka ga sunan garin Hausa ya shiga littattafan masana na duniya.

Yaya ta gane dangin irin, alhali babu ganye, babu fure, babu kututture? Ga sirrin. Ka fasa ƙwayar wake ko ta gujiya, za ka ga cikinta sumul. Ka fasa irin gwandar daji, cikinsa ba sumul ba ne. Fatar irin tana kutsawa cikin namansa, siririya siririya, a jere, kamar kunyoyin gona. Akwai kuma wata jijiya da ta kewaye irin kamar ɗamara. Waɗannan alamu biyu in sun haɗu, tambarin gida ɗaya ne, kamar yadda dā ake gane asalin mutum da tsagar fuskarsa. In fatar waje ta goge, kunyoyin nan sai su fito fili a jikin dutsen. Su aka gani a irin Gilbadi.

Gidan su gwandar daji babban gida ne. Yana da iri fiye da 2,000, yawancinsu a dazuzzuka masu zafi da ruwan sama da yawa. Kana da wani ɗan gidan a cikin ɗakin girki: kimba, wadda ake kawo mana daga kurmi ana sa ta a kunu da yaji. Gwandar gida kuwa ba ƴar gidan ba ce ko kaɗan. Daga Amurka aka kawo ta, suna kawai ya haɗa su. Kama da wane ba ta wane.

Amma a lura. Ba a ce itacen Gilbadi gwandar daji ba ne, ba a kuma ce shi ne kakanta kai tsaye ba. An ce gidansu ɗaya. Shi dai irinsa ya ƙare, danginsa suka ci gaba. Chesters ta lissafa shi cikin ƙarshen zamanin dinozor, wato wajen shekara miliyan 66 zuwa 70 da suka wuce. Shi ya sa ake sa shi cikin tsofaffin shaidun wannan gida a duniya duka. A 2008 an ba da labarin wani ƙaramin fure na gidan da aka samu a Japan, wanda ya kai shekara miliyan 89. Duk da haka masu binciken tarihin gidan ba su daina ambaton Gilbadi ba.

Yaya aka san shekarun?

Miliyan ba ƙaramin lissafi ba ne. In ka zauna kana ƙirga ɗaya a kowane sakan, ba barci ba hutu, sai ka yi kwana 11 da rabi kafin ka kai miliyan 1. Kafin ka kai miliyan 66 sai ka yi fiye da shekara 2. Sarautar Damagaram da muke ganin ta daɗe, shekarunta wajen 300 ne. A wannan ƙirga, minti 5 ke nan.

To, wa ya ƙirga? Hanya biyu ake haɗawa. Ta farko mai ginar rijiya ya san ta. Yakan ratsa rairayi, ya sami yumɓu, ya sami marmara, ya sami dutse. Abin da ke ƙasa shi ya riga kwanciya, na sama ya zo daga baya. Wannan yana nuna wa ya girmi wa, amma bai faɗi shekara ba.

Ta biyu ita ke faɗin shekara, kuma da uraniyom ake yin ta, irin wanda ake haƙa a Arlit. Uraniyom yana rikiɗa ya zama dalma a hankali, kuma saurinsa ba ya sakewa, ko da zafi ko da sanyi. Kamar tulu ne mai yoyo ɗigo ɗigo daidai wa daida: in ka auna ruwan da ya rage da wanda ya zuba, ka san tun yaushe aka cika shi. A cikin tokar da duwatsu masu aman wuta suka watsa akwai ƴan ƙwayoyi masu uraniyom. In an sami shimfiɗar tokar nan a tsakanin duwatsu, sai a auna ta. Inda babu toka, sai a dubi kwasfar halittun teku da ke cikin shimfiɗar, a gwada da irinsu na wani wuri da aka riga aka auna. Da haka ake ɗaure lissafin wannan ƙasa da na waccan.

Hula a nan, takalmi a can

Akwai wata wahala a wannan aiki. Itace ba ya mutuwa a dunƙule kamar dabba. Ganyensa iska ta kai gabas, ƴaƴansa ruwa ya kai yamma, kututturen ya faɗi inda yake. In ka tsinci hula a hanyar Mirya, ka tsinci takalmi a hanyar Magarya, za ka iya rantsuwa na mutum ɗaya ne? Ba ka iyawa. Don haka masana sukan ba ganye sunansa dabam, ƙwara sunanta dabam, sai ran da aka same su manne a reshe ɗaya sannan a haɗa su.

Wannan sana'a ta karanta ƙwara an fi koyonta a Ingila. A can akwai wani tsibiri mai suna Sheppey, a bakin kogin da ya ratsa birnin Landan. Teku tana cin gaɓarsa tana zubo ƴaƴan itatuwa da suka zama dutse, masu shekara wajen miliyan 50. A 1840 wani mutum mai suna Bowerbank ya rubuta littafi a kansu. A 1933 wasu mata biyu, Eleanor Reid da Marjorie Chandler, suka fitar da babban littafi mai bayanin iri wajen 300. Shekara da shekaru suka yi suna tara ƙwarar itatuwan yau, suna fasawa, suna gwadawa da ta dutse. Ƴar'uwa mai karatu, ki lura: manyan masanan wannan fanni da muka ambata, uku mata ne. Abin da suka gano ya ba mutane mamaki. Ingila mai sanyi da ƙanƙara, a dā daji ne mai zafi kamar kurmi. A cikin ƙwarar da suka bayyana akwai ƴan gidan gwandar daji da yawa, masu kunyoyi irin na Gilbadi.

Wanda ya yi ƙaura

Ba duk itatuwan dā ƙarshensu ɗaya ba ne. Mun ga na Gilbadi: shi ya ƙare, gidansu yana nan. Ga wani mai labari dabam.

Cikin abin da aka fi tsinta a Sheppey akwai ƴaƴan wani itace da ake kira nipa. Dangin goruba ne da giginya da dabino, amma ba ya miƙewa sama. Gangar jikinsa tana kwance cikin laka a bakin teku, ganyensa ne kaɗai ke tashi. Ƴaƴansa suna yawo a kan ruwa har su sami wurin tsira. An sami ƴaƴansa na dutse a Ingila da Beljiyam da Masar da Barazil. A duwatsun Najeriya kuma an sami garin furensa. Ashe a dā yana kusan ko'ina, har da gaɓar Afirka ta yamma.

Daga baya ya ɓace daga Turai da Amurka da Afirka. Iri ɗaya tak ya rage, a gaɓar kudancin Asiya har zuwa arewacin Ostareliya. A 1906 Turawa suka ɗauko shi daga Singafo suka dasa a Kalaba, kudancin Najeriya. Ya kama, ya bazu, har ya riƙa danne itatuwan gaɓa na asali, masunta suna kuka da shi. Ka ji ikon Allah: itacen da ya bar Afirka tun shekaru miliyoyi, ya dawo cikin jirgin ruwa ya zama baƙon da ya fi ƙarfin masu gida.

Wanda ba a san danginsa ba

Na uku shi ya fi ban tausayi. A littafinsa na 1840 Bowerbank ya bayyana wani ƙaramin ɗan itace mai ɗakuna a ciki, ya sa masa suna Wetherellia. Ana samunsa da yawa a Ingila. An same shi a gabashin Amurka, an kuma sami mai kama da shi a hamadar Masar. Kusan kullum a cikin lakar bakin teku ake ganinsa.

Yau fiye da shekara 180 ke nan ana juya ɗan itacen nan, ana yanka shi, ana duba shi da madubin ƙara girma. An gwada shi da wannan gida, bai zauna daidai ba. An gwada shi da wancan, haka. A 1982 wasu masana biyu a Amurka suka ce kila ɗan gidan su rogo da zurma ne, amma sai da suka sa alamar tambaya a jikin sunan gidan. Babu wani itace mai rai da ke yin ɗa irinsa. Ya yi zamaninsa a ƙasashe da yawa, ya ƙare, bai bar magajin da za a nuna ba. Wannan shi ne ƙarewa ta gaskiya.

Me ya ƙarar da su?

Itace ba ya gudu. In wurin zamansa ya sake, sai dai ƴaƴansa su sami wani wuri, in ba su samu ba shi ke nan. Wurin zaman itatuwan nan kuwa ya sake ƙwarai. Shekara miliyan 66 da suka wuce wani ƙaton dutse ya faɗo daga sama a inda ƙasar Meziko take yau. Ƙura ta rufe rana, dinozor suka ƙare, tare da wajen kashi 3 cikin 4 na ire-iren halittun duniya. Bayan haka tekun da ta ratsa ƙasarmu ta janye ba ta sake dawowa ba, gaɓarta ta zama tudu. Daga wajen shekara miliyan 50 da suka wuce duniya ta fara hucewa. Wajen miliyan 34 ƙanƙara ta rufe ƙarshen duniya na kudu. Dajin Ingila mai zafi ya mutu. A wajenmu ruwan sama ya yi ta raguwa, kurmi ya ja kudu.

Yawancin ƴan gidan gwandar daji sun bi kurmi. Ita gwandar daji tana cikin ƙalilan da suka iya zaman ƙasa mai dogon rani. Ba ta yin tsawo, saiwarta tana da ƙarfi, in wuta ta cinye ta ko an sare ta takan sake toho daga gindi.

Abin da ya shafe mu

Kila ka ce: "Mushe, wannan duk labarin dā ne, ina ruwan manomi da shi?" Da ruwansa. Ƙwarar dutsen nan tana gaya mana abu ɗaya: iri yana ƙarewa, kuma in ya ƙare ba ya dawowa. Waɗancan itatuwa a cikin shekaru miliyoyi suka ƙare, babu hannun kowa. Yau kuwa gatari da fari suna iya share itace daga karkara cikin rayuwar mutum ɗaya. Ka tambayi tsofaffin garinku itatuwan da suka sani a bayan gari kafin farin 1973 da na 1984. Ka ce su lissafa maka. A garuruwa da yawa za ka ji sunan gwandar daji cikin waɗanda suka yi wuya, ga masu magani kuma suna tone saiwarta.

Amma mun ga abin da ke ba da ƙarfin zuciya. Tun daga wajen 1985 manoman jihar Maradi da ta Damagaram suka kama sassaben zamani. Maimakon su sare duk tohon da ya fito a gona, sai su zaɓi mai ƙarfi su gyara shi su bar shi ya girma. A ƙasar Mirya da Magarya da Matamai gawo ya sake cika gonaki. Masu bincike sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 a Nijar. Me ya sa abin ya yiwu? Don saiwa tana nan da rai a ƙasa, iri kuma yana nan. Itacen Gilbadi ba shi da saiwa mai rai, irinsa kuma ko ka jiƙa shi shekara ba ya tsira. Bambancin ke nan tsakanin itacen da ya yi wuya da itacen da ya ƙare. Na farko yana hannunmu. Don haka in kana sassabe, ba gawo kaɗai za ka bari ba. Ka bar gwandar daji, ka bar kanya, ka bar ɗinya. Mai neman saiwar magani ya ɗebi gefe ɗaya ya mai da ƙasa, kada ya tumɓuke duka.

In ka tsinci dutse mai kamannin halitta

Makiyayi da mai ginar rijiya da mai fasa dutse sun fi kowa ganin abin da ke cikin ƙasa. Yawancin manyan fosil na ƙasarmu, mutanen wurin ne suka nuna wa masana inda suke. In ka ga dutse mai kama da ƙwara, ko ganye, ko ƙashi, ko kwasfa, kada ka fasa shi don ka ga cikinsa. Kada ka sayar wa baƙo. Tun 1997 Nijar tana da dokar kare kayan tarihinta. Abin da ya fi muhimmanci shi ne wurin: dutsen da ba a san inda ya fito ba kamar wasiƙa ce da aka yage sunan mai aiko ta. Yanzu da ka iya rubutu, ka rubuta sunan garin, da ranar, da zurfin wurin, da launin ƙasar da ke kewaye da shi. Ka gaya wa mai gari da malamin lekol, su isar da labari ga hukuma ko ga masanan jami'ar Damagaram da ta Yamai. Wa ya sani, kila wata rana sunan garinku ya shiga littafi kamar na Gilbadi.

Tambayoyi

1. Me ake nufi da fosil?
2. Me ya sa ƙwara ta fi fure zama dutse?
3. Me ya sa ba a samun fosil a duwatsun Birni?
4. Kawo shaida biyu da ke nuna teku ta taɓa shigowa ƙasarmu.
5. Da wace alama aka gane dangin irin Gilbadi?
6. Mene ne bambancin ƙarshen nipa da na Wetherellia?

Aiki

Kowa ya kawo ƙwarar itace iri 5 daga garinsu. A zuba su a faifai ɗaya, a gauraya, kowa ya gwada faɗin sunan itacen ya kuma rubuta shi a allo. Wanda ya sami irin gwandar daji ya raba shi biyu da wuƙa a hankali, a dubi kunyoyin da ke ciki, a gwada da ƙwayar wake. Na dubawa ne, ba na ci ba. Bayan haka ku tambayi tsoho ɗaya ko tsohuwa ɗaya sunayen itatuwan da suka yi wuya a karkararku, ku rubuta su, ku kawo aji a karanta.